Asalin da Baba Ya Faɗa wa Lurwanu

Tukwane biyu, tabarma, salkar ruwa, ragowar gero. Sai takarda ɗaya ƙulle a gefen mayafi.

Da waɗannan kaya Ramlatu take dawowa daga Arfa, inda ta sayar wa alhazai kunu. Raƙumi na rangaji, ta lumshe ido tana ganin Kano, garin da ba ta taɓa takawa ba. Lurwanu ne ya gina mata shi da baki: jar ganuwa, ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, damina mai kwana tana zuba...

Lurwanu akawu ne a ofishin jakadan Turawa a Jidda. Bature ba ya shiga Makka, sai ya turo shi ya ƙirga Hausawan da ke zaune a nan. Wurin ƙirgar ya ga Ramlatu.

Da ya nemi aurenta, Inna ta ƙi tun farko. "Mai alƙalamin Nasara ba ya shiga gida shi kaɗai," in ji ta.

Baraka, 'yar kawun Ramlatu da ta daɗe tana son Lurwanu, ita ta danƙa mata takardar tana murmushi. "Daga jakarsa ta fito. Ki kai ya karanta miki, amarya!"

A ƙofar gidansu a unguwar Misfala ta same shi yana jira.

"Ahlan, hasken idona! Kin dawo?"

"Karanta mini wannan. Ban iya boko ba."

Ya karɓa. Ya karanta. Sunan mahaifinta ne a ciki. Malam Awwalu, ya baro ƙasar Hausa yana yaro bayan mahaifinsa ya yaƙi Turawa. Ba shi da fasfo. Gida bakwai suka zo tare, ga sunayensu...

Ta san inda ya ji. Ranar neman aure Baba ya zaunar da shi ya faɗa masa asali kamar yadda ake yi, tun daga kakanni har abokan tafiya, don kada ya auri wadda bai san tushenta ba.

"An tura?"

"Irinta ta tafi Jidda tun Shawwal."

"Lurwanu!"

"Wallahi ba don cuta ba, habibti. Wanda aka rubuta, in ya rasa halin komawa, sai a sa shi a jirgi..."

"Wa ya ce maka Baba yana son jirgi? Marar takarda, ai ba a tambayarsa kafin a sa shi!"

"Aikina ne, Ramla..."

"Baba bai gaya wa jakada ba. Surukinsa ya gaya wa."

Ya sunkuyar da kai. "Zan bar aikin. Yau ɗin nan."

"Ka bari. Sunayen gida bakwai za su dawo ne?"

Ta dube shi da kyau. Har yanzu yana da kyau, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ta shige da tukwanenta, ta rufe ƙofa, ta jingina bayanta da ita.

"Gobe za a mayar muku da kayanku," ta ce. "Ba zan aure ka ba."