Littafi a Kwalin Birki

Ƙarfe huɗun yamma ne, ruwa ya ɗauke amma gari bai washe ba, lokacin da Basma ta sauko daga trotro, motar haya, a kasuwar Abossey Okai, bakin abayarta duk taɓo.

Tun daga unguwarsu ta Nima take tafasa. Sati uku cur Mutawakilu, mutumin da danginsa suka kai goron tambayarta, bai leƙa bidiyon da take sakawa a intanet ko ɗaya ba. Shi da a da ko atishawa ta yi a waya sai ya yaba!

Ta same shi bayan shagonsa na kayan mota, zaune kan tsohuwar taya, ya dunƙufar da kai cikin kwalin birki.

"Wace ce?"

Ya zabura. "Sahibata... cikin wannan caɓi?"

"Kar ka sahibance ni! Rafi'atu maƙwabciyarmu ta ce kullum bayan magariba tana ganinka a ƙofar wata malama a unguwar Maamobi. In ka gaji ne ka faɗa, gobe a mayar muku da goronku!"

"Rafi'atun da ta ce min kin fi ƙarfina?"

"Me kake ɓoyewa?"

Ta fizge kwalin. Littafi ne a ciki, na Turanci, irin na 'yan aji uku, gefensa duk shatin baƙin mai.

Ya miƙa hannu ya karɓi littafin.

"Ran da na je gaida Babanki... kin san idonsa ya yi rauni, duk baƙon da ya zo sai ya miƙa masa littafi ya karanta masa. Ya miƙo min. Layi biyu, Basma, na kasa haurawa. Ƙannenki na dariya a bayan labule."

Ta ajiye kwalin.

"Ya ce in dawo ran Juma'ar ƙarshen wata. In na karanta masa shafi guda, a sa rana. In na kasa, ba zai ba da 'yarsa ga wanda waya ta cinye wa kai ba. Na duba, ashe awa biyar nake yi kullum ina shafa waya. Sai na goge komai. Malamar nan karatu take koya min. Sa'ar kakata ce, da sanda take tafiya."

"Shi ne ba za ka gaya min ba?"

"Kunya..."

"Kunya! Ni da na gama sakandare ina zaune a gida ina juya gyale gaban waya, kai kana biyan trotro zuwa wajen tsohuwa? Ka bar ni ina kuka, Rafi'atu tana ba ni hankici! Wallahi ka cuce ni, shi ma Baba ya cuce ni!"

"Yi haƙuri, abar ƙaunata."

"Ban haƙura ba! Jibi ne fa Juma'ar."

"Jibi ne."

Ta kashe wayarta, ta jefa a jaka. Ta ja wata taya ta zauna, fuska a murtuke.

"Karanta in ji. Kuma in ka ci kalma ɗaya, daga farko za mu koma."

Ya fara, a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya yi tuntuɓe sau biyu, ta harare shi, ya gyara. Da ya kai ƙarshen shafin ya tsaya yana neman tsumma, hannunsa duk mai.

Ta miƙa hannu ta juya masa shafin.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da karatu.