Ɓatan Tsohon Littafin Rikoto

Ranar Talata da hantsi aka kawo wa Sufeto Ladan rahoton cewa an sace tsohon Littafi Mai Tsarki daga laburaren wata makarantar horar da fastoci a Rikoto. Littafin ya haura shekara casa'in, kuma a gefen shafukansa wani mai wa'azi na farko ya juya ayoyi zuwa harshen C'lela da hannunsa. Babu kwafinsa ko'ina.

Mama Gladys, wadda ta shekara ashirin da shida tana kula da laburaren, ta nuna masa akwatin gilashin a fashe.

"Wa ke da makulli, Mama?"

"Ni da Kefas maigadi, Yallaɓai. Ranar Juma'a ma na goge littafin."

Ladan ya duƙa. Ƙura ta kwanta a cikin akwatin bai ɗaya, babu ko shatin inda littafi ya zauna.

Kefas ya rantse bai bar bakin ƙofa ba. Da aka matsa shi sai ya ce ya je ƙauyen Manga girbin dawa, tsoron kora ne ya sa ya ɓoye. Aka tsare shi. Matarsa ta yini a ƙofar caji ofis tana kuka.

Hankalin Ladan bai kwanta ba. Washegari ya zagaya bayan laburaren, inda ake ƙona shara. Ya tona tokar da sanda, sai ga maɗaurin littafi na tagulla da guntun fatar bango, jar ƙasar gara ta manne a jikinsa.

Ya ajiye su a kan teburin Mama Gladys.

"Mama, ɓarawo ba ya ƙona abin da ya sata."

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta cire tabarau.

"Bara, da aka ce 'yan bindiga sun doso gari, na ɓoye shi a akwatin katako ƙarƙashin daɓen sito. Na ce ko sun ƙone makarantar, shi zai tsira. Tsoro ya hana ni fito da shi. Da aka ce baƙi za su zo ɗaukar hotonsa, na buɗe." Ta nuna guntun fatar. "Gara ta cinye. Ko aya ɗaya ba ta karantuwa."

"Shi ne kika fasa gilashi, kika bari aka kulle Kefas?"

"Kakana ne ya yi rubutun da ke gefensa, Yallaɓai. Da wane baki zan faɗa?"

Ladan ya sa aka saki Kefas, ya rubuta wa Mama Gladys tuhumar ba da rahoton ƙarya.

Da za su fita, tsofaffin coci na tsaye a farfajiya. Wani dattijo mai sanda ya tare shi.

"Ɗana, an samo shi?"

Ladan ya buɗe wa Mama Gladys ƙofar mota, bai iya ɗaga ido ba.

"Baba, ku koma gida," ya ce.