Mayafin da Vuthy Ya Ajiye

"Bong, wat na uku ke nan fa!"

Bong nake ce masa, wato yaya, shi kuma ya kira ni Oun, ƙanwa, yadda masoya ke yi a ƙasarmu. Vuthy bai juyo ba. Ya kashe babur ɗin a gindin wata giginya a bakin wat ɗin, wato gidan ibada, ya shiga kwance kwanon abincin da muka ɗaure a baya kamar ba da shi nake ba.

"Oun, ai kin san al'ada. Pchum Ben ne, bikin tunawa da mamata, sai an zaga wat bakwai an kai wa magabata abinci."

"Magabatan wa? Ka san ko mutum ɗaya a garin nan?"

"Lada ai ba ya tambayar gari..."

"Kar ka yi min wa'azi, ai ka riga ka bar wannan aikin! Tsoron zuwa gida kake yi."

Kunnuwansa suka yi ja. Tun asuba muka baro Phnom Penh, muka haye gadar Neak Loeung muka shigo Prey Veng. Ƙauyensu bai fi tafiyar rabin awa daga inda muke ba, amma duk rufin wat ɗin da ya hango ta bayan gonakin shinkafa sai ya karkata kan babur. Mu cire takalma, mu kunna turare, mu zuba abinci, mu fito. Kifi da miyar da na kwana biyu ina shirya wa mahaifiyarsa saura kaɗan su ƙare a kwanukan baƙi.

Na sassauta murya. "Bong Vuthy, wata takwas ke nan. Yaushe za ka gaya mata?"

"Yau, Kunthea. Na yi miki alkawari."

Yana da shekara goma sha huɗu tsawa ta faɗa wa mahaifinsa a tsakiyar gona. Irin mutuwar da mutanenmu ke tsoro ce, don an ce mai ita ba ya samun wurin hutawa. Mae, mahaifiyarsa, ta kai shi wat ɗin ƙauye aka aske masa kai, ya ɗauki mayafin 'yan zuhudu domin ladan ya isa ga mamacin. Wata uku aka yi niyya, sai ga shi ya yi shekara goma sha ɗaya, har aka tura shi karatu birni. Duk wanda ya zauna da Mae sai ya ji labarin ɗanta mai mayafin ruwan goro.

Ni ɗinki nake a masana'antar tufafi, kuma tokar gawar mahaifina tana ajiye a wat ɗin da yake zaune, shi ya sa nake kai abinci duk ranar ibada. Ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba... to, na kalla sau ɗaya ko biyu. Shi kuwa bai taɓa ce min uffan ba, sai da ya je gaban babban malaminsa ya ajiye mayafin bisa ƙa'ida. Bayan sati biyu na same shi a bakin ƙofar masana'anta cikin wani wando da ya yi masa yawa, yana riƙe da leda ɗaya ta mangwaro.

Babu inda muka kauce hanya. Amma Mae ba ta sani ba. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa, kuma duk Lahadi in ya kira ta a waya sai na ji muryarta tana cewa, "Mai girma ɗana, an samu abin kai wa baki?" Shi kuma ya amsa mata da irin amsar da ya saba, ni in sunkuyar da kai kamar ni na yi ƙaryar.

Ƙarfe goma ta wuce muka shiga ƙauyen. Ruwa ya cika gonaki, shinkafa ta yi kore shar har ƙarshen gani, ɓauna biyu na kwance cikin laka a gefen hanya. Gidansu a rufe yake, kowa yana wat.

Zauren ya cika maƙil. 'Yan zuhudu na jere a kan dandamali, mata na ta shigo da kwanuka masu hawa-hawa da ƙunshin shinkafa mai danƙo cikin ganyen ayaba. Can gaba, cikin tsofaffi masu fararen riguna da askakken kai, Vuthy ya nuna min wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai gyale a kafaɗa.

"Ita ce," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Muka ratsa mutane muna duƙe. Na ga idanu sun fara bin mu, daga gashin kansa zuwa wandonsa, daga wandonsa zuwa kaina. Wata ta zunguri wata. Ya tsaya a gaban Mae, ya buɗe baki, abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Na iso..."

Fuskarta ta washe baki ɗaya.

"Mai girma ɗana! Kai ne? Jama'a, ɗana ya zo! Ban gaya muku zai zo bana ba?"

Kafin wani ya motsa ta gyara zama, ta haɗa tafin hannunta, ta kai goshinta kan tabarma a gaban ƙafafunsa.

Duk zauren ya juyo yana kallo.

Ta ɗago, ta sake komawa karo na biyu. Tsohuwa mai shekara saba'in, goshi a ƙasa, a gaban saurayi mai wandon jins! Vuthy ya sandare, hawaye na zuba, ya kasa ko lanƙwasa gwiwa. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta toshe mata baki.

Ban san lokacin da na zube a gefenta na riƙe kafaɗarta ba.

"Mae, ki ɗago... don girman iyayenki kar ki cika na ukun."

"Wace ce ke?"

"Sunana Kunthea. Mae, ba mayafi a jikinsa. Ya ajiye tun wata takwas da suka wuce."

Ta tsaya a haka, hannayenta a haɗe, idanunta masu yana suna neman inda zai kasance. A hankali ta miƙa hannu ta laluba, yatsunta suka taɓa bakin wandon. Ta janye su kamar ta taɓa garwashi.

Nan yayarsa Chanthou ta iso da gudu, ludayi a hannunta. Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta juyo kaina.

"Au! Ke ce kika tuɓe masa? Duk mazan birni ba su ishe ki ba sai kin shiga wat farauta?"

"Bong Chanthou, ba ruwanta!" Sai a lokacin bakinsa ya buɗe. "Ni na ajiye da kaina, ba ta ma sani ba..."

"Rufe min baki, marar kunya! Ka bar uwarka ta..."

"Chanthou." Mae ce, muryarta ba ta ko tashi ba. "Lokacin cin abincin malamai na wucewa. Kama ni in zuba wa ubanku nasa."

Haka aka yi. Ta bi layin kwanukan tana zuba shinkafa cokali-cokali, ta zauna aka yi karatu, ta tsiyaye ruwa tana kiran sunan mijinta. Ni ina can baya jikin ginshiƙi, da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk wadda ta wuce sai ta dube ni ta taɓe baki. Na ji wata tana cewa, "Ga ta fara, shi ya sa."

Da aka tashi Mae ta ƙi hawa babur. Ta kama hannun Chanthou suka bi kunyar gona da ƙafa, mu muna biye a baya, Vuthy na tura babur cikin laka.

"Bong," na raɗa masa, "ka kai ni bakin titi in hau mota. Uwarka ta fi ni."

"Oun, in kin tafi, wata ƙaryar zan koma shiryawa. Na gaji. Tsaya ki ga ƙarshen wannan."

A ƙarƙashin gidan, tsakanin dirkoki, Mae ta zauna a kan gadon gora. Muka durƙusa a ƙasa. Ta daɗe tana naɗa ganyen taunawarta kafin ta yi magana.

"Vuthy."

Ya ɗago kai da sauri. Ya gaya min daga baya cewa rabonsa da jin sunansa a bakinta tun ranar da aka aske masa kai.

"Na'am, Mae."

"Ka yi wa yarinyar nan wani abu kana cikin mayafi?"

"A'a, Mae. Ko hannunta ban taɓa ba."

"Ka ajiye a gaban malaminka, ko guduwa ka yi?"

"A gabansa. Ya sa min albarka."

"To me ka ɓoye?"

"Na ji tsoron... Baba. Kin ce mayafina ne ke riƙe da shi."

Ta yi tsaki. "Ubanka ya ci ladanka shekara goma sha ɗaya. In wannan bai fitar da shi ba, to taurin kansa ne, na san shi." Chanthou ta kusa dariya, ta maze. "Maza nawa ne a ƙauyen nan suka ɗauki mayafi suka ajiye suka yi aure? Kakanka ma haka ya yi. Da na yi kuka kwana biyu na share ido. Amma wata takwas, Vuthy! Wata takwas ina maka magana irin ta malamai kana amsawa. Ina tara wa maƙwabta labari. Yau ka tsaya ƙiƙam na sa goshina a ƙasa, gari na kallo, sai baƙuwa ce ta ji tausayina!"

Ya kife fuskarsa a ƙasa yana kuka kamar yaro. "Ki yafe min, Mae... ki yafe min..."

"Ba a nan ba. A gaban mutane na durƙusa maka, a gaban mutane za ka biya ni."

Sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Ke kuma, kin san da ƙaryar?"

Da na ce a'a da Vuthy bai ƙaryata ni ba. Amma na gaji da kunya iri biyu.

"Na sani, Mae. Ina zaune yake kiran ki."

"To ke ma ki zo gobe."

Washegari zauren ya fi jiya cika, don labari ya zaga har ƙauyukan gefe. Muka ratsa su. Mae na zaune a wurinta. Muka durƙusa, muka haɗa hannu, muka kai goshinmu kan tabarma a gaban ƙafafunta, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Vuthy ya ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji.

"Na yi wa mahaifiyata ƙarya wata takwas. Na bar ta ta durƙusa wa wanda bai cancanta ba. Kunthea ba ta da laifin ajiye mayafina. Ina neman gafara."

Mae ta miƙa hannu tana lalube har ta sami kansa, ta ranƙwashe shi da ƙarfi har aka ji ƙas! Tsofaffi suka fashe da dariya. Amma hannun bai tashi ba. Yatsunta suka nutse cikin gashin, suka gangaro goshinsa, kuncinsa, haɓarsa.

"Har da gemu..." ta ce, muryarta ta karye. "Mace ba ta taɓa mai mayafi, ko ita ta haife shi. Shekara goma sha ɗaya, jama'a, ban taɓa ɗana ba. Yaro na kai, ban san ya zama haka ba."

Ta jawo kansa ta rungume a ƙirjinta tana kuka, dariyar zauren ta mutu. Na ga wadda ta taɓe min baki jiya tana share ido da gyale.

Ina nan durƙushe ban san inda zan sa kaina ba, sai na ji ɗayan hannun nata yana neman nawa. Ta kama, ta matse.

"Ke, 'yata. Uwarki na da rai?"

"Tana nan, Mae."

"Ki gaya mata bayan girbi muna tafe. Kuma ki daina wannan rawar jikin, an gama."

Chanthou ta harare ni, ta turo min ludayi.

"Tashi ki zuba wa marigayi surukinki shinkafa a kwanukan malamai," ta ce. "Daga hagu ake farawa, 'yar birni."