Hoton Habibullah a Ƙarƙashin Inji

Kai, gidan marigayi Malam Mu'azzam na Gagarawa a da! Darbejiya a tsakar gida, randa mai sanyi a gindinta, wanda duk ya shigo sai ya sha. A nan Naja'atu, 'yar marigayin, take tankaɗe ranar da Kawu Ɗalha, ƙanin Innarta, ya faɗo da waya a hannu, ko sallama bai gama ba.

"Yaya! Fito ki ga surukin naki!"

Surukin shi ne Habibullah ɗan garin Sule Tankarkar, mijin Naja'atu. Ko lallen biki bai gama gogewa ba ya samu tafiya ƙasar waje karatun injin jirgin sama, ya bar ta gaban Inna. Shekaru suka yi ta ja.

Inna ta karɓi wayar. Ga Habibullah kwance ƙarƙashin wani ƙaton inji, da shuɗin kayan leburori, hannu dumu-dumu da baƙin mai, har da dariyarsa!

"Wannan ne karatun?" in ji Kawu. "Ɗalibi da littafi aka san shi! Wallahi yaran garejin Maigatari sun fi shi tsafta. Ƙwadago ya tafi, ya ninke mu baibai!"

Naja'atu ta ajiye rariya. "Kawu, ka yi haƙuri, risach ne fa yake yi a lab, wato bincike a ɗakin gwaje-gwaje..."

"Risach ɗin gidanku! Gobe sai Gumel gaban alƙali, a raba auren nan."

Inna ta fashe da kuka. "Ki bi kawunki, Naja. Ƙawayenki duk suna goyo, ke kina auren waya."

Washegari a kotu Kawu ya yi ta zuba, yana nuna wa kowa hoton har da masinja. Alƙali ya dubi Naja'atu.

"Yarinya, yana ci da ke? Yana neman ki?"

"Bai taɓa fashi ba, ranka ya daɗe."

"To kina son a raba?"

Hawaye shaɓe-shaɓe, amma ta ɗago.

"Ni ban kawo ƙara ba. Tun yana zuwa zance da baƙin mai a hannunsa na san shi, ya kwance injin niƙan babansa don kawai ya ga cikinsa. Yanzu fanka yake gwadawa, ta cikin injin jirgi, don kada zafi ya tsaga ta a sama mutane su halaka. Ta ya zai gwada da babbar riga? Ina son mijina!"

Alƙali ya yi murmushi. "Malam Ɗalha, mai ɗaki ta ce ɗakinta ba ya yoyo. Ku tashi ku ba ni wuri."

Hmm! Ta sha wuya bayan nan. Kawu ya daina amsa gaisuwarta, matan unguwa suka sa mata "matar bakanike", ko suna aka yi ba a gaya mata. Ta toshe kunne.

Sai ga Habibullah ya dawo, Dakta guda! Wata jami'a ta ɗauke shi koyarwa, ya ci gaba da bincike kan yadda zafi da rairayi irin na ƙasarmu suke cin injin jirgi. Ɗalibai suka yi ta fita ta hannunsa, har aka ba shi Farfesa.

Ranar da suka zo Gagarawa gaisuwa da 'yarsu Ummi, wa ya fara tarar mota? Kawu!

"A ba surukina hanya! Ai ni tun farko na san yaron nan zai yi nisa!"

Naja'atu ta durƙusa. "Ina wuni, Kawu?"

Ya kasa haɗa ido da ita. "Lafiya lau, 'yata... Ki yafe mini."

"Ya wuce, Kawu."

'Yan uwana 'yammata, da ta biye wa surutu ran nan a Gumel, da wata ce a gaban motar nan. In kin san mijinki, ki riƙe abinki, ki yi haƙuri da dangi ba tare da kin zage su ba. Allah ba ya barin mai haƙuri ya taɓe.