Zamzam a Tankin Murjani

"Innalillahi! Wa ya ƙara ruwa a tankin nan?"

Ilham ta saki labulayen da ta shigo da su a bakin ƙofa. Sabon babban tankin gilashin da angonta Majid ya girka a falonsu na unguwar Rusaifa a Makka, ga ruwa ya kusa bakinsa! Alhali da safe ya turo mata hoto, ko rabi bai kai ba. Ya juye tsohon ƙaramin tankinsa a ciki, kifaye da duwatsu da murjani mai rai irin na teku, ya wuce Jidda sayo gishirin da zai haɗa sauran ruwan.

"Ni ce," in ji Hajiya Rabi'atu, mahaifiyar Majid, tana jan carbi a kan kujera. "Zamzam ce, jarka shida. Hadil ta kama mini. Gidan ɗana da albarka za a buɗe shi."

Hadil, 'yar ƙanwar Hajiya, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Wannan shu'umar! Tare suka tashi da Majid, ta san tankin nan ciki da bai. Kuma ita ce Hajiya ta so ya aura.

Ilham ta matsa kusa da tankin. An ɗaura aure, tarewa ranar Alhamis, Hajiya kuwa dalili guda take jira ta ce a fasa.

"Umma... murjani ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri."

"Ke za ki koya mini Zamzam? Haihuwar Maraɗi, mai zama da takardar iƙama?"

"Ba wanda ya isa ya musa albarkarta, Umma. Amma wannan halittar teku ce."

Ta leƙa gilashin. Kifi ɗaya ya kife. Can a tsakiya, koren murjanin nan mai rassa ya tsuke, yana fitar da yauƙi. Shi ne wanda marigayi Alhaji Ya'u, mahaifin Majid, ya rena shekara goma sha biyu. Saboda ya cika tsohon tanki ne ma aka sayi babba.

Ilham ta ruga kicin, ta buɗe durom ɗin ruwan gishirin da Majid ya haɗa jiya. Wata bakwai tana sauraren surutunsa a kan tanki har kunnenta ya gaji, ashe yau zai yi rana! Ta dawo falo, ta naɗe hannun abaya, ta tsoma hannu a tankin har kafaɗa, tana kwasar murjanin tana kaiwa durom.

Wayyo! Duwatsun sun yanke ta, murjanin na harbinta kamar ta dama barkono da hannu. Ta cije leɓe ta ci gaba da kwasa.

Tana jin Hadil a waya: "Yalla Majid, ka yi sauri! Amaryarka ta hargitsa maka tanki!"

Sai da Ilham ta ɗago koren murjanin Hajiya ta gane shi. Carbin ya tsaya cak a hannunta.

"Wannan... ba na Alhaji ba ne?"

"Shi ne, Umma."

"Mutuwa zai yi?"

Ilham ta wuce da shi kicin, ta saka shi a durom.

Ana kiran La'asar Majid ya banko ƙofa, buhun gishiri a kafaɗa. Ya ga ruwa ya gurɓace, kifaye biyu a sama, falo jagab. Ya ɗiga ruwan a ma'aunin gishiri ya duba, fuskarsa ta canza.

"Wa ya zuba ruwan daɗi a nan?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Tambaya nake yi!"

Ilham ta dubi Hajiya. Idon tsohuwar ya cika da tsoro. In Majid ya ji uwarsa ce ta taɓa abin da ubansa ya bar masa, da wane ido za su ƙara kallon juna?

"Ni ce," Ilham ta faɗa a hankali.

"Ke? Ilham, ke?" "Ke kaɗai na faɗa wa abin da murjanin nan yake a wurina! Sau nawa na koya miki?"

"Ka yi haƙuri, habibi..."

"Kar ki kira ni haka! Halas, an gama. Ba ni makullin gidan."

Tana son sa, wallahi tana son sa, ga shi yana mata kallon bare. Ta zaro makullin ta miƙa masa.

Nan Hajiya ta ga hannun. Ya kumbura suntum, ya yi jajir, jini na tsatsafowa a yatsu.

"Mayar da makullinki."

"Ummi, ki bar..."

"Rufe mini baki, Majid! Ni na zuba. Ni, uwarka! Yarinyar nan ta gaya mini gaskiya, na zage ta da garinsu. Ita ta kwashe murjanin ubanka da hannunta." Ta juya a fusace. "Ke kuma Hadil, kin sani kika ɗauko mini jarka ta shida? Ɗauki jakarki ki fita!"

Majid ya ruga kicin. A cikin durom, koren murjanin ya fara buɗe 'yan gashinsa, suna kaɗawa a hankali. Ya dawo ya durƙusa a gaban Ilham, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Habibti... ki yafe mini."

"Ɗazu ka hana ni wannan kalmar," ta ce cikin shessheƙa. "Sai na yi tunani."

"Matsa can, ba kai ka fi laifi ba," in ji Hajiya.

Ta jawo jarkar ƙarshe, da ɗan guntun Zamzam a gindinta. Ta kama hannun Ilham biyu ta ɗora a cinyarta, tana tsiyaya ruwan a hankali, tana wanke ciwon da nata yatsun.

"Nan ya kamata in zuba tun farko," ta ce. "Alhamis ni zan zo in ɗauko ki da kaina, 'yata."