Kejin Abu Suhaib

A wani kantin littattafai a birnin Irbid suka fara haɗuwa. Rahaf ta rungumo ƙaton littafin tsuntsaye mai hotuna masu sheƙi, sai ta ji murya a bayanta.

"Wannan na Turai ne, 'yar'uwa. Rabinsu ko gayyatarsu aka yi ba za su zo Irbid ba."

Ta juyo da niyyar masifa, tana ganinsa masifar ta bi ruwa.

"Babana zan saya wa," ta ce. "Tsaba yake zuba wa tsuntsaye a tsakar gida, yana son sanin sunayensu."

Ya zaro mata ƙarami mai zane, wanda ya jera namiji da mace gefe da gefe. Sunansa Suhaib, kuma bai bari ta fita ba sai da lambarsa.

Da farko hotunan tsuntsaye take tura masa. Ba a jima ba tsuntsayen suka zama hujja kawai.

"Wannan mai baƙin kan fa?"

"Bulbul ne. Surutu kamar ke, amma kin fi shi daɗin murya, Bulbul ɗina."

Mu'taz, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa mahaifinta Abu Gassan labari: uban Suhaib mai kama hassun ne da danƙo, yana sayarwa a kasuwar Juma'a. Hassun kuwa, ɗan tsuntsun nan mai jar fuska da ratsin rawaya a fiffike, shi Abu Gassan ya fi ƙauna, kuma masu danƙo sun kusa ƙarar da su a unguwar.

"Ba zan kai 'yata gidan keji ba," ya ce.

Rahaf ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta rubuta wa Suhaib: "Me ya sa ka ɓoye min?"

"Tsoron rasa ki ne, Bulbul. Ban taɓa ɗana danƙo ba, amma ubana ne, ba zan tsine masa ba. Ranar Asabar za mu zo."

Suka zo, dattawa reras, aka zauna ƙarƙashin bishiyar lemo. Aka zuba wa Abu Suhaib, uban saurayin, gahawa, ya ajiye kofin bai sha ba, don mai neman aure ba ya sha sai an ce an ba shi. Rahaf tana leƙe ta tagar kicin.

Abu Gassan ya ƙi cewa a sha har gahawar ta daina tururi.

Sai Abu Suhaib ya jawo wani keji daga bayan kujerarsa, ya yaye ƙyallen. Hassun ɗinsa ne, wanda ya tsufa a hannunsa, ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa.

"Ka ce gidana gidan keji ne, Abu Gassan. To, ga shi."

Ya buɗe ƙofar. Tsuntsun ya leƙo, ya dira ƙasa, ya yi tsalle biyu ya tsaya. Fiffiken ya manta aikinsa. A kan katanga kyanwar maƙwabta ta lafe, ta kafa masa ido.

Rahaf ta toshe bakinta. Kafin kowa ya motsa Abu Gassan ya zabura, da ciwon gwiwarsa da komai, ya kife tafukansa a kan tsuntsun.

"Kai, kana da hankali kuwa? Wannan ko yini ba zai yi a waje ba!" Ya mayar da shi keji a hankali, ya rufe. "Ba wannan nake nema ba. Waɗanda ba ka kama ba tukuna nake nema."

Sana'ar da mutum ya gada ake cewa ya ajiye a gaban jama'a. Abu Suhaib ya dubi ɗansa, ya ga yadda gumi ya jiƙa masa riga.

"Ku shaida," ya ce. "Daga yau ni da danƙo har abada."

Abu Gassan ya zauna yana haki.

"Ku canza masa gahawa, wannan ta huce. Sha, Abu Suhaib, mun ba ku."

Guɗa ta ɓarke daga kicin. Da bazara aka ɗaura aure, iyayen biyu suka ɗaga hannu tare suna sa musu albarka, Allah Ya ba su zuriya da zaman lafiya.