Gudun Da Babu Mai Kora

A zamaninmu, mu da agana ta zo ta wuce ta bar mu tsaye, namiji ba ya gudu sai in kura ta biyo shi ko ya ɗauki abin da ba nasa ba. Shi ya sa safiyar da Khalilu ya sheƙo a guje ta bakin gulbin Kalgo cikin gajeren wando, wata budurwa ɗauke da tulu ta tsaya ta leƙa bayansa. Babu kura, babu kowa.

"Kai Barewa, wa ya koro ka?" ta ce.

Ya ja birki yana haki. "Tari nake gudu, 'yammata."

Ta yi dariya har ruwan tulu ya girgiza. Sunanta Rahmatu, 'yar Bawa masunci.

Khalilu ɗan Gwandu ne, ɗan makarantar midil, yakan zo hutu Kalgo wurin gwaggonsa Inno. Ya shiga makaranta kamar sillen kara, ƙirji na kuka. Malamin wasanni ya sa shi gudu kowace safiya, tari ya tafi, kafaɗa ta buɗe. Ya ɗauki alkawari ba zai bari ba.

Kafin hutu ya ƙare, sun saba. Kullum suna haɗuwa a gindin wata giginya ta bakin gulbi.

"Rahma, hasken idona, in na gama makaranta ke ce."

"Ka fara tsayawa wuri ɗaya tukuna, Barewata, in gan ka da kyau."

Sai Tambari mai keke, wanda shi ma ya daɗe yana zagayen gidan, ya kai wa Bawa magana: yaron nan iska gare shi, kullum da sassafe take ɗibarsa. Bawa ya laɓe ya gani da idonsa. Da iyayen Khalilu suka aiko neman aure daga Gwandu, Bawa ya kira yaron zaure.

"Gidanku gidan malamai ne, ban ƙi ba. Amma ba ni ba ɗiyata ga mai gudu babu mai kora. Ka bari, in ba ka."

Khalilu ya durƙusa. "Baba, in na bari, tari zai dawo. Gawa kake so ka aura mata?"

"To, tashi ka ba ni wuri."

Hutu na gaba ya dawo, bai fasa gudu ba, yara na binsa da waƙar mahaukaci. Ya sami Rahmatu a gindin giginya, idonta ya yi ja.

"Kina so in bari?"

"Ka bari in ga wadda za ta aure ka!" Ta share ido. "Ji nan. Baba ba gudun ya ƙi ba, hannunka da babu komai ya ƙi. Gobe motar Gwandu za ta bi ta bakin hanya. Kullum kafin a kai mata kifinsa ta wuce, sai dai mu yi masa banda a wuta."

Washegari Bawa ya fito da kifi ragon ruwa kwando biyu, suna motsi. Can nesa aka ji ƙugin mota. Tambari ya yi maza ya zo ya ɗaure ɗaya a bayan keke, yana gyara hula. Khalilu ya zo ya durƙusa.

"Baba, ka aike ni."

Bawa ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗauki. In iskar ta kai ka daji, ka gaishe ta."

Ya aza kwando a ka, ya zuba da gudu. Tsakanin gulbi da hanya rairayi ne mai cin ƙafa. Keke ya nutse, Tambari ya sauka yana turawa yana tsine wa taya. Khalilu ya wuce shi, ruwan kifi na bin wuyansa. Ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ya daidaita numfashi yadda aka koya masa, bai waiwaya ba. Yaran mota na janye wejin taya za a tashi, ya iso, ya miƙa kwando.

Sannan ya koma ya sauke na Tambari. "Kawo, ka huta." Direba da ya ga ikon Allah sai ya jira.

Ya dawo bakin gulbi jiƙe sharkaf, yana ƙarnin kifi. Bawa ya kara kunne a ƙirjinsa ya saurara. Shiru, babu ko kuka.

"Wannan iskar," ya ce, "a gidana za ta zauna."

Rahmatu ta ja gyale ta rufe fuska, tana dariya a ɓoye.

Da ya gama makaranta aka ɗaura aure a Kalgo, aka ci kifi har karnuka suka ƙi. Da asuba bayan an kai amarya, Khalilu ya jawo gajeren wandonsa. Rahmatu ta miƙa masa ƙwarya.

"Riƙe wannan, Barewata, kada surukanka su gan ka hannu sake."

Allah Ya ba su zuri'a masu ƙarfin ƙirji, Ya ba 'ya'yanmu na makaranta lafiyar ƙafa, amin.